Ɗangana da Giyayyar Bakin Gulbi

Duk wanda ya taɓa rasa mutum a ruwa tsakanin Shanga da Yawuri ya san Ɗangana, ko da bai so saninsa ba. Gajere ne, baƙi wuluk, mai faɗin ƙirji. Kunnensa na dama ya daɗe da mutuwa saboda nutso, don haka in za ka yi masa magana sai ka zagayo ta hagu, in ba haka ba ka yi ta zuba kai kaɗai yana kallon ruwa. Sana'arsa su ce, wato kamun kifi, kamar kowa a Tungar Maje, amma abin da aka san shi da shi ciro gawa. Wurin ubansa ya gaji aikin, kuma shekara arba'in yana yi ba wanda ya taɓa yi masa godiya da fara'a a fuska.

Ƙasa da tungar kaɗan gulbi ya yi gwiwa, ruwa na juyawa a wurin dare da rana. Mutanen tunga suna kiran wurin Tukunya. Duk abin da ruwa ya ɗauko daga sama, kara ne, mushen akuya ne, takalmin roba ne, mutum ne, sai ya yada zango a Tukunya kwana ɗaya ko biyu kafin ya wuce tafkin Kainji. A gaɓar akwai wata tsohuwar bishiyar giyayya, bayanta kuma kaburbura. Al'adar Tungar Maje ita ce, wanda ruwa ya kawo ba a shiga da shi gari. A bakin gulbi ake wanke shi, a yi masa salla, a rufe shi. Kafin a rufe, sai a yanki ƙyalle kamar faɗin tafin hannu daga tufar da ke jikinsa a ɗaura a reshen giyayya. Danginsa in sun biyo gulbi suna cigiya, sai su duba rassan. Wanda ya gane ƙyallen nasa, shi zai kwance da hannunsa, a nuna masa kabari. Ba a taɓa ganin ƙyalle fiye da huɗu ko biyar a jikin itacen lokaci guda ba, ko a shekarar da jirgin 'yan biki ya kife.

Matarsa Dudu tana bandar kifi, bakinta kuma ya fi wutar bandar zafi. Sun haifi huɗu, uku sun koma tun ba a yaye su ba, sai Bilyaminu ya tsaya. Shi Bilyaminu tun yana ƙarami ya ce ba zai gaji gawa ba. Da ya girma ya zama direban jirgin inji, yana ɗaukar albasa da shinkafa daga Yawuri ya haura gulbi har ƙetaren iyaka, ya dawo da gishiri da dabino. Farfelar inji ta cire masa babban yatsan ƙafar hagu tun yana koyo, uban kuwa bai daina yi masa tsiya a kai ba. Kullum sai ya ce shi shekara arba'in yana shiga ƙarƙashin ruwa bai bar ko farce ba, ga wani yana zaune a sama ya bar yatsa. Bilyaminu ya yi dariya ya miƙa masa goro. Ɗangana ba mutum ne mai nuna so ba, amma ranar da jirgin ɗansa zai iso, tun hantsi yake ƙirƙiro gyaran taru a bakin mashiga.

Sai shekarar da sojoji suka ƙwace mulki a wata ƙasa can saman gulbi. Gulbin ya ratsa ƙasashe da yawa kafin ya zo mana, mutanen tunga kuwa ba su damu da wane ne ke mulki a can ba muddin albasa na tafiya. Sabbin masu mulkin suka kafa wata runduna a bakin ruwa wai don tsaro. Mutanen can suka sa musu suna 'Yan Jar Igiya, saboda da jar igiyar roba suke ɗaure duk wanda suka kama.

Bilyaminu ya gani da idonsa a Tashar Kuka, wata mashiga a can ƙasar, ranar kasuwa. Masunta sun taru sun ce ba za su ƙara ba da jiragensu ana jigilar sojoji kyauta ba. Hafsan rundunar ya sa aka fito da tsofaffi bakwai aka durƙusar da su a kan yashi, aka fara da gindin bindiga har haƙora suka zube. Wata mai tuya ta yi ihu, soja ya kife mata kaskon mai a jiki. Da jama'a suka motsa sai aka buɗe wuta. Bilyaminu ya kwanta cikin jirgi tsakanin buhuna yana jin harsashi na huda albasa a samansa. Da yamma aka lodi mutane a mota, rayayyu da matattu tare. Washegari rediyon ƙasar ya ce ba wanda aka kashe, wasu 'yan iska ne suka gudu daji suka shiga cikin ɓarayi.

Sojojin mutanen tudu ne, ba su san ruwa ba. A ganinsu in ka jefa mutum a gulbi ya tafi ke nan. Kwana shida bayan kasuwar, Tukunya ta kawo na farko, dattijo mai furfura, hannu a ɗaure ta baya da jar igiya, ƙeyarsa a fashe. Ɗangana ya ciro shi, ya wanke, ya yanki ƙyalle daga shuɗiyar rigarsa ya ɗaura. Kafin la'asar ya ciro uku. Cikin mako biyu ƙyalle goma sha tara ke kaɗawa a giyayya, warin kuwa ya hana mata banda a bakin ruwa. Ɗangana ya daina cin kifi a watan nan, bai gaya wa kowa dalili ba, ba kuma wanda ya tambaye shi.

Deborah ce ta fara ganin abin da itacen ya zama. Malamar asibitin tunga ce, 'yar Ngaski, ita ke ba shi safar hannu da maganin wanke jiki ko da yake rabin lokaci a aljihu yake barin safar. Ta tsaya tana kallon rassan ta ce, “Baba, mutanen ga ba su iya biyo gulbi su yi cigiya, an tsare hanya. Bari in kai musu iccen inda suke.”

“Kina ɗaukar giyayya bisa kai?” in ji shi.

Ta ɗaga wayarta. Ƙyalle ɗaya bayan ɗaya ta ɗauki hotonsu, ta rubuta ranar da aka ciro kowane da irin raunin da ke jikinsa. Ɗangana ke faɗa mata, don ba ya mantuwa da gawa. Ta tura wa 'yan gudun hijirar da suka fara taruwa a Yawuri da Wara, su kuma suka tura gida. Mata a can suka riƙa gane ɗinkin hannunsu a waya.

Ta farko da ta iso da ƙafarta Yasira ce, matar dattijon nan mai shuɗiyar riga. Ta taɓa ƙyallen, ta sunsuna, ta durƙusa ta yi kukanta har ta gaji. Ɗangana ya jira ta, sannan ya ce ta kwance ya nuna mata kabari.

“Nuna mani kabarin,” ta ce. “Amma ba ni kwance shi. Sun ce mijina ya gudu daji ya zama ɓarawo, mutumin da bai iya hawan tudu sai ya huta sau biyu. A bar shi nan kowa shi gani.”

Ɗangana bai ji daɗi ba, don tun kakanninsa ba a taɓa yin haka ba. Ya yi gunaguni kwana biyu, sannan ya ga matar ta fi shi gaskiya. Daga ranar duk wanda ya gane nasa sai ya faɗi sunan, Deborah ta rubuta a ɗan katako a rataya kusa da ƙyallen. Sunayen suka fita a waya, suka shiga gidajen rediyon waje. Direbobin jiragen Yawuri suka yi taro suka ce ko buhu ɗaya na shinkafa ko jarkar fetur ba za ta ƙara sauka a mashigar 'Yan Jar Igiya ba. Wasu kuma, har da Bilyaminu, suka ci gaba da haurawa da albasa zuwa ƙananan tungaye, in za su dawo sai su kwantar da mata da tsofaffi a cikin jirgi su rufe da buhunan banza. Dudu ta yi faɗa, ta yi zagi, ta ɓoye masa makullin inji a cikin tukunyar daddawa. Ya tafi sau biyu ya dawo da mutum talatin da ɗaya. A tafiya ta uku aka tare shi a tsakiyar ruwa. Wani ɗan jirgin da ya tsira da iyo ya ce ya ga an ɗaure shi da rai an jefa a jirgin soja.

Daga ranar Ɗangana ya zama mutum biyu. Ɗaya yana zaune a mashiga yana jiran jirgi, ɗaya yana leƙa Tukunya.

A can sama kuwa sojoji sun ji labarin itacen, sai suka yi dabara irin tasu. Kwana goma sha ɗaya da kama Bilyaminu, Tukunya ta kawo wani tsirara, ba riga ba wando, sai jar igiya a wuyan hannu. Matashi ne, ruwa da kifi sun gama da fuskar. Harsashi ya shiga ta ƙasan allon kafaɗarsa ta hagu, bai fita ba. Ɗangana, wanda kan duba gawa daga gashi har tafin ƙafa don ya faɗa wa Deborah, ranar sai ya fara naɗe ƙafafun da likkafani tun suna cikin ruwa, fuskarsa a waje guda. Ya wanke sauran jikin a hankali, ya rufe shi. Babu ƙyallen yanka, sai ya ɗaura igiyar a wani reshe da ke kallon gabas. Bayansa wasu tara suka zo tsirara, duka ya rataya igiyoyinsu.

Da sojojin suka ga igiyar ma shaida ce, sai suka aiko. Da rana tsaka ne, maza sun tafi su, wani jirgi mai gudu ya tsaya a Tukunya da mutum huɗu cikin kayan gida, amma takalman ƙafarsu na soja. Ɗangana na cikin kwalekwalensa. Ba su yi sallama ba. Na farko ya fizge filafilin tuƙin da ke hannunsa ya maka masa a gefen kai, a kunnen mai ji. Suka jawo shi gaɓa suka tattake shi har haƙarƙari biyu suka karye. Ɗaya ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan gindin itace ya ce da wannan kake ɗauri, ya sauke adda. Yatsu biyu suka faɗi cikin yashi. Sannan suka ja shi cikin ruwa, ƙato biyu suka danne kansa.

Nan suka yi wautar da ko yaron goye a Tungar Maje ba zai yi ba. Wa ya gaya musu ana kashe mai nutso da ruwa? Ɗangana ya yi ɗan shure-shure don su ji daɗi, sannan ya saki jiki kamar yadda ya ga ɗaruruwa sun saki. Suka ƙirga abin da suka ƙirga, suka tura shi da ƙafa, suka koma kan itacen da jarkar fetur. Shi kuwa ya bi ƙarƙashin ruwa, jini na bin sa, ya ɓullo cikin ciyawa bayan wurin banda, ya kira Dudu da sunanta.

Matan tunga ashirin da wani abu suka fito, kowace da abin da hannunta ya samu, taɓarya, wuƙar fawar kifi, itacen banda da wuta a bakinsa. Mutanen sun riga sun watsa fetur a gindin giyayya, jikin ɗayansu ma ya jiƙe. Dudu ta jefa masa bakin wuta a ƙirji. Ya kama ci bal-bal, ya ruga cikin gulbi yana kururuwa. Wanda ya sare yatsun ya zaro ƙaramar bindiga ya harbi wata mai suna Balaraba a cinya, kafin ya sake ɗanawa taɓarya ta sauka a gwiwar hannunsa, aka ji ƙarar ƙashi har mashiga. Sauran biyun suka ja 'yan'uwansu suka faɗa jirgi. Mata suka kashe wutar da ta lashi gindin itacen da ruwan wankin kifi. Ƙyalle ko ɗaya bai ƙone ba.

Deborah ta ɗinke abin da ya ɗinku. Labarin harin ya ƙara tashin ƙura, har aka ce wasu lauyoyi masu binciken kisan jama'a za su zo daga waje su ga itacen, su tone kaburbura, ranar Talata mai zuwa.

Ranar Asabar sai ga Illo. Dillalin albasa ne da kowa ya sani, mutum mai cin tuwo a kowane gida, yana da aboki a nan yana da aboki a can. Ya zauna a tabarma ya yi jaje mai tsawo, sannan ya matso ta kunnen hagu.

“Baba Ɗangana, ɗanka shina da rai. Na gane shi da idona. Manyan sojan sun ce a sare iccen ga, a ƙone tsummokaran kahin Talata, ka ce wa baƙi mutanen hatsarin jirgi ne. Ran Laraba Bilyaminu shi kwana ɗakin uwa tai.”

Dudu ta saki kwaryar da ke hannunta. Ɗangana ya ce a kawo masa shaida. Illo ya ce Litinin.

Kwana biyun nan sun fi dukan da aka yi masa zafi. Yasira ta zo ta zauna a ƙofar gida, a nan ta wuni. Deborah ta ce, “Baba, ni ba ni ce maka komi, ɗanka ne.” Dudu kuwa ba ta ɓoye nata ba. Ta ce matattu sun mutu, ita ɗa guda gare ta, in shi ba zai iya da hannu ɗaya ba ita za ta sare. Gaskiyar magana Ɗangana ya yanke shawara. Da hannun hagu ya wasa gatari ranar Lahadi, yana wasawa yana jin kunyar mutum arba'in da ɗaya da ke kwance bayan itacen, amma ya wasa shi har yana aske gashi.

Litinin da hantsi jama'a suka taru a gindin giyayya. Illo ya sauko daga jirgi da leda a hannu, ya zaro riga ya miƙa. Rigar Bilyaminu ce, koriya mai ratsin fari, wadda ya tafi da ita. An wanke ta, har guga an yi mata. Ya ce yaron da kansa ya tuɓe ya ba shi jiya, ya ce a gai da Inna.

Dudu ta fizge ta rungume, ta tura fuskarta a ciki. Ta juya ta tana shafawa, sai hannunta ya tsaya a baya.

“Wanga ɗinki ba nawa ba ne,” ta ce. “Lahiya lau rigar ga tat tahi.”

Ɗangana ya ajiye gatari ya karɓa. A bayan rigar, ɓangaren hagu, ƙasa da kafaɗa kaɗan, an cike wata 'yar huda da sabon zare, ɗinkin namiji mai gaggawa. Ya juya gaban rigar, babu huda. Ya sa ɗan yatsansa a kan ɗinkin, faɗinsu ɗaya. Shekara arba'in yana karanta tufa da jiki, bai taɓa kuskuren haɗa rauni da hudarsa ba. Ya ɗaga kai ya dubi reshen da ke kallon gabas, inda jar igiya ke rataye ita kaɗai. Ya san dalilin da ya sa ya naɗe ƙafafun nan bai duba yatsunsu ba. Tun ranar ya sani, ƙin yarda ya yi.

“Illo,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, “yaushe kac ce ya tuɓe ta?”

“Jiya, Baba.”

“Yau kwana ashirin da shidda da nib binne shi.”

Wurin ya fashe da ihu. Samari suka yi kan Illo, kafin ya kai jirgi sun kayar da shi, sun fasa masa baki, wani ya ɗauko gatarin, wasu na cewa a ɗaure shi da igiyar a jefa Tukunya. Ɗangana ya shiga tsakani da dungulmin hannunsa a sama.

“In kun jefa shi, ni za ni ciro shi, ni za ni wanke shi, kuma ba ni da reshen da za ni ba shi. Ku bar shi shi tahi shi gaya musu baƙi na zuwa gobe.”

Aka sake shi ya rarrafa cikin jirgi. Ɗangana ya ce Deborah ta riƙe masa rigar, ya zaro wuƙarsa da hannun hagu ya yanki faɗin tafin hannu, da ɗinkin a tsakiya. Ya kai reshen, amma yatsu uku ba su iya ƙulli. Ya gwada sau biyu ƙyallen na zamewa. Dudu, wadda tun ɗazu take tsaye kamar an dasa ta, ta matso ta karɓa. Ita ce dangin da al'ada ta ce ta kwance. Ta ɗaura shi kusa da igiyar, ta ƙulla sau uku, ta ja da haƙori.

Ya kai ta bayan itacen, ya wuce kaburbura yana ƙirgawa a zuci, ya tsaya a kan wanda ciyawa ta fara tsirowa. Ta durƙusa ta dafa ƙasar da hannu biyu. Ta daɗe a haka kafin ta zagayo da fuskarta ta wajen kunnensa mai ji.

“Ka wanke shi da kyau?”

“Na wanke shi,” in ji Ɗangana. “Shi na fi daɗewa a kai.”

Har yau yana Tungar Maje, ya koyi jan gawa da hannun hagu. Ranar da jiragen albasa ke isowa ba ya zuwa mashiga, yakan tafi gindin giyayya ya duba ko iska ta sassauta wani ƙulli.